Jan Fenti a Kan Notin Juye

Da safiyar Talata a cikin damunar 2006, Madam Winifred, shugabar ƙungiyar mata manoma ta Samaru, ta shigo ofishin Insifeta Kefas Dogo riƙe da littafin garanti.

"Yallaɓai, an kashe mana mota. Sabuwar a-kori-kura, wata bakwai da saye. Ita ke kai mana taki ƙauyukan Shika. Injin ya buga a hanya."

"Ba ta da garanti?"

"Na shekara biyu. Amma kamfanin sun buɗe injin sun ce tsohon baƙin mai suka tarar, mai kauri kamar kwalta. Wai tunda ba man da suka rubuta a littafi ba ne, babu ruwansu. Makanikenmu nake zargi, Amaechi."

Insifeta ya buɗa littafin. Juyen baƙin mai uku, kowanne da hatimi da kwanan wata. Na ƙarshe kwana tara da suka wuce.

A Sabon Gari ya sami Amaechi, dattijo mai furfura, shekara talatin yana gyaran injin dizal. Nan aka jawo motar aka ajiye. Da ya ji zargin bai ɗaga murya ba. Ya shiga ciki ya fito da wani galan wanda babu komai a ciki, an rubuta lambar motar da kwanan wata a jikinsa.

"Ga abin da na zuba, Yallaɓai. Man injin dizal, lambar da littafi ya ce. Motar da ke cikin garanti ba a yi mata kame-kame. Ka sa man injin fetur ko ka wuce kilomita dubu biyar ba ka canza mai ba, kai ka yafe haƙƙinka."

"Kowa zai iya ajiye galan."

"Gaskiya ne. Zo ka gani."

Ya shimfiɗa kwali, suka kwanta ƙarƙashin motar, Insifeta da kakinsa. Amaechi ya nuna notin da ake kwancewa a zubar da mai.

"Duk juyen da na yi, ina ɗiga jan fenti daga noti zuwa jikin ƙarfe. Duba. Ɗigon ya rabu biyu. Wani ya kwance bayana, kuma da filaya ya kwance, ga shaidar haƙoranta. Ni sifana nake sawa."

Insifeta ya daɗe yana kallon notin. Ya fito yana kakkaɓe wando, ya ce a kira direba.

Celestine, direban ƙungiyar, ya rantse cewa daga gareji ofis ya wuce, kuma makulli bai taɓa barin aljihunsa ba.

"Ranar juye mitar motar tana kan kilomita dubu goma sha biyar da ashirin," in ji Insifeta. "Washegari a takardar fita ka rubuta dubu goma sha biyar da arba'in da shida. Daga nan zuwa Samaru bai kai rabin haka ba. Ina ka biya?"

Celestine ya sunkuyar da kai.

"Oga Martins ne, sakatarenmu. Ya ce in ba shi motar ya kai buhun masara gidansa a Dogarawa. Ya ce in na faɗa wa Madam, aikina ya ƙare."

Da rana tsaka suka isa Dogarawa, Insifeta da Madam Winifred da Amaechi. A bayan gidan Martins akwai injin niƙa na dizal yana ta ƙara.

"Ban taɓa motar ba," in ji Martins. "Masara na sauke kawai. Man injina kuwa, wata uku rabon da in canza."

Insifeta ya sa aka kashe injin. Amaechi ya zaro sandar awon mai, ya murza tsakanin yatsu biyu, ya ɗaga wa rana.

"Wata uku a injin niƙa? Wannan ko sati biyu bai yi ba."

A gefen bango Insifeta ya ɗauko filaya. Akwai jan fenti a haƙoranta.

Martins ya zauna a kan buhun dusa.

"Na ga mai ne sabo, na ce mota sabuwa ba za ta ji komai ba. Na juye nata a injina, na zuba mata nawa. Aunty, wallahi ban zaci..."

"Mata ɗari da sittin ne suka dogara da motar nan, Martins," in ji Winifred. "Ga garanti ya tafi."

Ta juya wurin Amaechi. "Baba, ka yafe mini. Na ɓata maka suna."

"Ba komai, 'yata. Ki bar mini motar. Na ga injin, zai tashi."

Wani kofur da ya rako su ya sa wa Martins ankwa, ya tura shi bayan motar 'yan sanda. Direbansu ya tayar, hayaƙi ya turnuƙe. Amaechi ya karkata kai yana saurare, sannan ya ƙwanƙwasa gilashi.

"Yallaɓai, in kun ajiye shi, ku biyo ta gareji. Wannan taku ma ba za ta kai Juma'a ba."

Insifeta Kefas ya yi dariya, ya sara masa, motar ta ja.