Wanne Ne Auduga?

"Umma, zo ki duba mini... ko dai idona ne ya samu matsala?"

Auta ce zaune a bakin gadon otal, waya a hannu, shayinta ya huce tun ɗazu. Kwana huɗu ke nan da zuwansu hutun bakin teku da Yayanta ya shirya musu, ita da Umma da Abba. Hotuna biyu ne suka shigo mata a jere.

Na farko daga Manaja, ɗan Gwaggonta. Farin zomo ne ɓul-ɓul a kan kujerar falo, an ɗaura masa jan ƙyalle a wuya. A ƙasa ya rubuta, "Auduga na gaishe ki, Gimbiya."

Na biyu daga Kafinta. Zomo ne ramamme, gashi duk ya cukurkuɗe, an aske masa ƙafa ɗaya an naɗe da bandeji. "Auduga yana hannuna. Kada ki tsorata, ya fara farfaɗowa."

Ita kuwa zomo ɗaya ta bari a gida.

Umma ta leƙa, ta taɓe baki.

"Wannan mai kama da tsumman goge-goge ne zomonki? Ke ma dai kin san amsa."

Gaskiya ba ta sani ba, abin da ya fi ci mata rai ke nan.

Tun sati biyu kafin tafiya ta tsara komai. Kafinta ne ya ƙera wa Auduga kejinsa shekara uku da suka wuce, a wajen gyaran ƙofar kejin ma soyayyarsu ta ƙullu, don haka shi ta zaɓa ya kula mata da zomon. Ta cika masa takarda gaba da baya: busasshiyar ciyawa kada ta yanke, ganye safe da yamma, ban da burodi, ban da wanka, in ya wuni bai ci ba a garzaya da shi wurin likitan dabbobi. Ta bar makulli wurin maƙwabciya, takardar da buhun ciyawa kuma a kan kejin.

Ashe Gwaggo ta ji. Ita kuwa Gwaggo ba ta jin magana ta bar ta ta kwana.

Kafin Kafinta ya rufe shago ya iso, Manaja ya riga shi da mota, ya ce wa maƙwabciya Auta ce ta aiko shi. Ya ɗauki zomo, ya bar takarda da ciyawa. Da ta kira shi tana faɗa, dariya ya yi.

"Haba Gimbiya, ga gida mai sanyi, sai a kai shi cikin garin katako?"

Ta haƙura don kada Abba ya ji, domin tun a hanya ya riga ya yanke magana.

"Auta, na gaji da sallama biyu a ƙofar gidana. Ranar da muka koma ki faɗa mini ɗaya. In kin rasa, ni ina da nawa."

Kowa ya san nasa. Ɗan ƙanwarsa ne.

Ta fita baranda ta kira Kafinta.

"Ka faɗa mini gaskiya, don Allah. Zomon wa ka ɗauka a hoto?"

"Naki, farin cikina. Takardarki da ciyawa na kai gidan Manaja, don na ga ya bar su. Sai na tarar da mai gadi zai fita da kwali, wai maigida ya ce a jefar, ya kusa mutuwa. Na buɗe... sai ƙamshin sabulu da turare. Likita ya ce wanka aka yi masa, aka cika shi da biskit, cikinsa ya tsaya."

"To wanda ke kan kujerarsa fa?"

"Wannan kuma shi za ki tambaya."

Ta tambaye shi. Ko gezau Manaja bai yi ba.

"Au, har ya kai ga haka? Ya je kasuwa ya sayo mai ciwo don ya shafa mini baƙin jini? Ki duba hoton da kyau, Gimbiya. Wanne ne ya yi kama da naki?"

Nasa ne. Wallahi nasa ne ya yi kama da Auduga.

Kanta ya ɗaure tamau. In ta saurari wannan sai ta ji gaskiya a bakinsa, in ta saurari wancan haka. Ta buɗe tsofaffin hotuna tana gwadawa: fari, jan ido, dogon kunne. Shekara uku tana kwana tana tashi da dabba, yau ga shi ta kasa shaida shi. Kunya ta kama ta, har da hawaye.

Sauran kwanakin hutun a waya suka ƙare. Manaja kullum da sabon ƙyalle da sabon kirari. Kafinta kuwa saƙonsa ko daɗin karantawa babu.

"Ya sha sirinji uku."

"Yau ya yi kashi, ƙanana guda bakwai. Alhamdu lillahi."

Umma ta karanta, ta riƙe haɓa.

"Wannan ne zancen soyayyar? Saurayi na ƙirga miki kashin zomo?"

Abba na gefe da jarida, ya ce, "Su mutu duka biyun ma mu huta. Cajar wayata huɗu ɓarawon nan ya cinye."

Amma ta lura ya daɗe bai juya shafi ba.

Ranar da suka dawo, ko akwati ba a buɗe ba Gwaggo ta iso da ɗanta, riƙe da sabon keji mai ƙyalli. Can sai ga Kafinta da kwali a hannu, idanunsa sun faɗa. Ya durƙusa ya gaida su Abba.

Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai yaro, ba ka jin kunya? Ina kai ina ja da wanda ya fi ƙarfinka?"

"Ki yi haƙuri, Gwaggo," ya ce a hankali. "Zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara."

Abba ya gyara zama a kujerarsa ta kullum.

"Auta, ga su nan. Wanne ne naki?"

Ta duba keji. Ta duba kwali. Ta kira sunan Auduga, duka biyun suka motsa kunne.

"Abba... ban sani ba."

Manaja ya yi murmushi.

Sai idonta ya sauka a kan hannun Kafinta. Yatsunsa duk cizo ne da yaƙushi, wasu sun bushe, wasu sababbi. Daga aljihun rigarsa wata takarda ta leƙo, ta yi laushi don yawan ninkewa. Ta miƙa hannu ta zaro. Rubutunta ne. A gefen kowane layi ya yi alama da fensirin aikinsa, rana bayan rana, har bakin takardar ya cika.

Ta dubi hannun Manaja, sumul kamar bai taɓa ɗaukar tsinke ba. Ta tuna Auduga ko farce za a yanke masa sai ya fitar wa mutum jini, balle a ɗaura masa ƙyalle.

Ta matsa ta tsaya kusa da kwalin.

"Abba, zomon kam na kasa ganewa. Amma mutumin na gane shi. Wannan nake so."

"Sihiri ne!" in ji Gwaggo. "Yaya, kana ji kana gani?"

Abba bai kula ta ba. "Ku sake su a ƙasa," ya ce.

Aka sake su. Mai ƙyallen ya daskare a tsakiyar falo yana rarraba ido, baƙo ne ƙarara. Ramammen kuwa ya shinshina iska, ya ja ƙafarsa mai bandeji, ya wuce teburi, ya wuce Auta ko kallonta bai yi ba. Kai tsaye ya nufi kujerar Abba, ya miƙe a kan ƙafafun baya, ya cusa hanci cikin aljihun rigarsa na hagu.



Abba ya yi gyaran murya. Ya sa hannu a aljihun, ya fito da ɗan yankin tuffa a naɗe cikin hankici.

Umma ta saki baki.

"Malam... kai da kake cewa ya mutu mu huta?"

"Kullum da hantsi muke shawara ni da shi," ya ce, bai ɗago ba. Yana shafa ƙashin bayan zomon da ya fito zara-zara. "Dubi yadda aka mayar mini da kai."

Manaja ya fara, "Kawu, ai ni gudun ɓacin ranta ne ya sa..."

"Ka jefar da mai rai a kwali don ya daina kyau. Ita ma watarana za ta yi ciwo." Abba ya nuna masa ƙofa da haɓa. "Wancan ma ka bar shi nan, ban yarda da kai a kansa ba."

Gwaggo ta figi mayafinta, ɗanta ya bi bayanta.

Auta ta durƙusa gaban Kafinta, hawaye na zuba.

"Ka yafe mini. Na yi kokwanto a kanka."

"Ni ma da farko ban gane shi ba," ya ce yana murmushi. "Sai da ya cinye mini caja."

Abba ya tuntsire da dariya har da tari. Da ya lafa, ya dubi Kafinta da kyau, karo na farko a shekara uku.

"Ka ce wa iyayenka ina jiransu. In za ka dawo kuma ka taho da awonka, keji ya zama na zomo biyu."