Agogon Kyaftin Mai Kukan Gyare

Da yamma aka bugo waya ofishin 'yan sanda cewa an yi sata a gidan wani tsohon matuƙin jirgin sama da kowa ke kira Kyaftin. Sufeto ya ɗauki hularsa, ya ce wa Sajan ya tada mota.

Sun tarar da tsohon tsaye gaban wani kabad na gilashi. Agogunan hannu ne jere a ciki kan ƙananan matasai, tsofaffi, irin waɗanda ake wanawa da hannu, kowanne da ƙararrawarsa. Matashi ɗaya ne babu komai a kansa.

"Nawa aka ɗauka, Baba?" in ji Sufeto.

"Ɗaya. Amma gara a kwashe sauran a bar min shi. Da shi na fara tuƙin jirgi. Ƙararrawarsa kamar kukan gyare take."

"Na zinare ne?"

"Ƙarfe ne, har ya koɗe. Ga na zinaren nan, ko taɓa su ba a yi ba."

Sufeto ya duba kabad ɗin. Ba a fasa gilashi ba, ba a ɓalle kwaɗo ba.

"Wa ya san inda makulli yake?"

"Ni da 'yata da mijinta. Sai aminina Likita, likitan haƙori ne, shi ma yana tara irin waɗannan. Amma shi cire shi daga lissafi."

Sufeto bai cire kowa ba. Ya raɗa wa Sajan, "Ɓarawon da ya tsallake zinare ya ɗauki ƙarfe, ba yunwa ce ta kawo shi ba."

A kicin suka sami 'yar Kyaftin. Ta ce mahaifinta ya tafi asibitin ido tun da safe, ita kuma tana bayan gida tana shanya.

"Ba ki ji komai ba?"

"Da hantsi na ji kukan agogo, Yallaɓai. Ya yi ta yi har ya mutu da kansa. Na ɗauka Baba ne ya saita ya manta."

"Ban saita ba," in ji Kyaftin daga bakin ƙofa.

"To me zai sa ɓarawo ya tsaya yana sauraron ƙararrawa?" in ji Sufeto.

"Don wanin da aka yi mata ya ƙare mana. In ya ƙare, ba za ta tona shi a aljihu ba. Wannan sai wanda ya san..." Sai tsohon ya kau da kai.

Ana haka surukin ya shigo, zufa na keto masa. Ya rantse tun safe yana wurin aiki.

"Na buga wurin aikin naka," in ji Sajan. "Sun ce ka fita da hantsi."

"Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya," in ji Sufeto. "Ina ka je?"

Surukin ya sunkuyar da kai. "Motar Baba na zo na ɗauka ba da saninsa ba, kuma na goga ta a jikin bango. Abin da nake ɓoyewa ke nan. Ni wayata ke tashe ni, me zan yi da tsohon agogo?"

"Wa ka gani da za ka fita?"

"Ba kowa. Sai wata ƙaramar farar mota can ƙarshen layi, an ajiye ta nesa da gida. Kamar ta Likita."

Likita na wanke hannu a ɗakin aikinsa lokacin da suka shiga. Ya tarbe su da fara'a, ya ce rabonsa da gidan Kyaftin tun makon jiya.

"Farar mota ai ta cika gari, Sufeto. Kai, abin da ciwo! Agogon da ba a samun irinsa. Ga wannan jan maɗaurin fata ya yi masa kyau ƙwarai."

Sufeto ya yi murmushi, ya ciro waya, ya kira Kyaftin, ya ƙara mata murya don kowa ya ji.

"Baba, wane irin maɗauri ne a jikin agogon?"

"Ja ne, na fata. Yau da safe na sa masa kafin in fita. A da baƙi ne. Me ya faru?"

Sufeto ya kashe wayar. Famfo na ta zuba, Likita ya manta bai rufe ba.

"Rabonka da gidan tun makon jiya," in ji Sufeto, "amma ka ga maɗaurin yau. Za ka buɗe durowar da kanka, ko Sajan ya taya ka?"

Likita ya daɗe yana goge hannunsa. Sannan ya jawo durowar ƙasa. Can bayan kayan cire haƙori, ga agogon nan naɗe cikin auduga.

"Tun muna samari nake roƙonsa ya sayar min," ya ce. "Kullum dariya yake yi. Yanzu idonsa ya raunana, yana murɗa shi kamar mai buɗe gwangwani. Kashe shi zai yi! Ni ceton agogon na yi."

"Ka gaya wa alƙali haka," in ji Sufeto. Sajan ya sa masa ankwa.

A ofishin 'yan sanda aka kira Kyaftin ya shaida kayansa. Ya ɗauki agogon ya kara a kunne, bai dubi kowa ba.

Da aka zo wucewa da Likita ta gabansa, sai ya ja ya tsaya.

"Abokina, ko ba ka yafe min ba, ka riƙa wana shi a hankali."

Kyaftin ya ɗaura agogon a hannu, ya juya ga 'yarsa.

"Mu je gida. Ban san wannan mutumin ba."

Sajan ya buɗe wa Likita ƙofar ɗakin tsare masu laifi.