Motar Malam Gwadabe

— Ga ta nan, ga ta nan, kowa ya gyara zama.

— Ta zo, mun kasa kunne.

Ranar da Lado ya fara ganin Saudatu, gawar mahaifinta na kwance a bayan motarshi.

A Katsina aka yi, shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, kwalta na ta miƙewa, kowane ma'aikaci na mafarkin sabuwar Fijo. Lado akawu ne a ofishin gona, ɗan Ƙofar Durbi, dogo, marar yawan magana. Mahaifinshi, marigayi Malam Gwadabe, direba ne. Ya bar mashi wata tsohuwar mota ruwan toka mai dogon baya, sitiyarinta a dama, tun na zamanin da ake bin hannun hagu. Ba motar kaɗai ya bar mashi ba, har da aikinta. Shekara goma sha biyar, duk wanda aka yi wa rasuwa a asibiti, daga Ƙofar Durbi har Ƙofar Guga, zauren Malam Gwadabe yake nufa. Sai ya tada mota, ya kwantar da kujerar baya, ya shimfiɗa tabarma, ya kawo mamaci gida a yi mashi sutura. Ko na mai bai taɓa karɓa ba. Da ya rasu mutane ba su daina sallama a zauren ba, Lado kuwa bai iya cewa a'a ba.

To ranar nan da hantsi, Baffa Mamman na Ƙofar Guga ya zo ya ce yayanshi ya cika. Suka je asibiti. Saudatu ce ta yi jinyar uban nata mako uku, ta kuma ƙi bari a raba ta da shi a hanya. Ta shiga baya ta zauna gefen tabarma, hannunta bisa ƙafafun da aka lulluɓe da zane. Ba ta kuka. Amma duk ramin da motar ta faɗa sai ta ƙara riƙe ƙafafun nan. Lado ya gani ta madubi, ya rage gudu, ya ƙara ragewa, har masu keke na wuce su.

Da aka shigar da gawa, ta tsaya bakin ƙofa ta dube shi sau ɗaya.

"Allah ya jiƙan mahaifinka, Malam. Ka tuƙa shi kamar yana jin ciwo."

Ta shige. Lado ya koma gida da maganar nan, ya rasa inda zai ajiye ta.

Sai da Hajiya Sabuwa, uwar Saudatu, ta fita takaba sannan ya sami Baffa Mamman ya nemi izinin zuwa zance. Aka ba shi. Da ƙafa yake zuwa, bayan la'asar, su tsaya a zaure. Saudatu malamar firamare ce, bakinta da kaifi in ta sake. Ta sa mashi suna Malam Sannu, wai har gaisuwarshi a giya ta ɗaya take tafiya. Shi kuwa Saude yake ce mata, wani lokacin in ya yi ƙarfin hali ya ce Saudena, ta rufe fuska da mayafi ta ce ba ta ji ba, ya maimaita.

Wata Asabar, shauƙi ya ɗebe shi. Ya ga samari duk da mota suke zuwa zance, ya ce shi ma ai yana da ita. Ya wanke ta fes, ya goge, ya sa babbar riga, ya je ya tsayar da ita daidai ƙofar gidan su Saudatu. Suka shiga zauren maƙwabta suna hira, don nasu ana shafe.

Ku ji fa abin da bai yi tunani ba. Mutanen Ƙofar Guga ba su taɓa ganin motar nan a ƙofar wani gida ba sai da dalili ɗaya. Kowa kuma ya san Hajiya Sabuwa na fama da ciwon ƙirji tun rasuwar mijinta. Ba wanda ya tambaya. Mai shago ya rufe shago. Aka fito da tabarmi. Aka aika wa liman, aka kira mai wanka, samari huɗu suka saɓi magirbi suka yi maƙabarta don a samu a kai ta kafin magariba. Mata suka shiga gidan da salati, suka tarar da Hajiya zaune tsakar gida tana tsintar wake. Wata tsohuwa ta saki butar hannunta.

Unguwa ta yi mako tana dariya. Hajiya ba ta yi ba. An gaya mata kafin a kai ga samarin nan sun riga sun gama haƙa. Ta tambayi wajen wace itaciya, aka ce kusa da aduwa, taki kaɗan daga mijinta. Kwana biyu bayan nan aka sa wani baƙo a ciki. Daga ranar Hajiya ta daina cin abincin kirki. Ko ƙarar mota ta ji daga nesa sai ta ajiye abin da ke hannunta ta saurara, ko a ƙofarta za ta tsaya.

Ta kira Baffa Mamman ta ce mashi ba ta ƙin yaron, amma wannan mota ta kawo mata mijinta a kwance, ta kuma sa an haƙa mata kabari da ranta. Ba za ta ba da ɗiyarta gidan da ake kwana da ita a tsakar gida ba. In yana son Saudatu, ya rabu da ita ya sayi sabuwa kamar kowa. In ba haka ba, ga Sammani nan.

Sammani ɗan wani ɗan kwangila ne daga Kambarawa. Farar Fijo gare shi, ko ledar kujerun bai cire ba. Ba mugu ba ne, yaro ne dai da duniya ta yi wa daɗi da wuri. Yana zuwa da turare da atamfa, ya danna hon sau uku, yara su yanyame shi.

Kamar motar ta ji ana maganarta, sai injin ya buga a hanyar ofis. Aka tura ta garejin Bitrus, wani dattijon makanike mutumin Pankshin da ya daɗe a garin. Ya buɗe, ya leƙa, ya goge hannu. Ya ce ko dai a sauke injin gaba ɗaya a nemo kaya daga Kano, wata biyu ke nan in an yi sa'a, ko kuwa a farfasa ta a sayar wa masu neman ƙarfe. Abokan Lado na ofis suka ce ai Allah ne ya yanke mashi, ga kuɗin ƙarin albashi na Udoji ya shigo, wa ke gyaran tsohuwar gawa. Suka yi dariya. Shi bai yi ba. Kullum da yamma sai ya je garejin ya zauna a kujerar direba, inda jikin mahaifinshi ya lotsa soso. Har lokacin in rana ta buga ta, ƙanshin turaren da Malam Gwadabe ke yayyafawa bayan kowace ɗauka yana tasowa.

Labari ya kai wa Saudatu a karkace, aka ce ya sa a gyara. Ta rubuto mashi a takardar littafin makaranta:

"Malam Lado, bayan gaisuwa. Na ji ka zaɓa. Ban ga laifinka ba, uba ba abin wasa ba ne. Amma ka sani ba Hajiya kaɗai ba ce. Ni ma in na rufe ido ina jin sanyin ƙafafun Baba a tafin hannuna, ina jin ƙarar ƙofar bayan nan. Ban gaya maka ba don kada ka ji nauyi. Hajiya ta rame. Ba zan iya zaɓar ka in bar ta tana sauraron hanya ba. Saudatu."

Ko Malam Sannu ba ta ce ba. Lado ya karanta sau uku, ya mayar da amsa washegari:

"Saudena, ban zaɓa ba sai yau. Na ce wa Bitrus ya farfasa ta. Mahaifina ya gama aikinshi, Allah ya ba shi lada. Ke nake so in riƙa gani a gidana. Ki ce wa Hajiya ta ci abinci, ba za ta sake jin ƙararta ba. Naki, Lado."

Hajiya ta sauko, aka fara maganar sa rana. Saudatu ta koma tsokanarshi. Sai dai ta lura in wani ya yi sallama da ƙarfi a titi, Lado kan zabura ya taɓa aljihu, inda makulli ke zama da.

Ana haka, cikin bazara, Gwaggo Asabe ta rasu a asibiti. Ita ce ta yi renon Hajiya Sabuwa tun tana marainiya. Motar asibiti guda ce, ta kuma yi ƙauye. Baffa Mamman ya fita neman mota. A shekarar nan motoci sun cika unguwa, amma wannan ya ce ba mai, wancan ya ce matarshi na da ciki ba ta so. Aka aika Kambarawa. Sammani ya aiko da gaisuwa da buhun shinkafa na sadaka, ya ce motar tana wajen sabis. Ɗan aiken ya ce ya gan ta a inuwa, an lulluɓe ta da tamfol.

Wani dai, don sabo, ya je ya yi sallama a zauren Malam Gwadabe. Lado ya fito. Bai ce ba mota ba. Ya je bakin kasuwa ya aro amalanken masu hatsi, ya share, ya shimfiɗa tabarmar nan ta mahaifinshi, ya tura har asibiti.

Da azahar suka taho. Rana kamar ta faɗo. Lado na turawa, Baffa Mamman na riƙe da gefe, Hajiya da Saudatu na biye a ƙasa. Sababbin motoci na ta danna masu hon su kauce. Duk inda hanya ta lalace sai Lado ya tsaya, ya ɗaga hannun amalanken, ya haye a hankali. Hajiya na kallon bayan rigarshi ya jiƙe sharkaf. Wani wuri zanen ya zame, ƙafar Gwaggo ta fito, mutane na gani. Hajiya ta cire mayafinta ta rufe. A haka suka iso gida.

Bayan sadakar uku Hajiya ta sa aka kira Lado. Ya durƙusa bakin ƙofar ɗaki, ita tana ciki bayan labule.

"Lado, an farfasa ta?"

Ya ce ya ba da umarni tun wata guda, bai koma ba, don ba ya son gani.

"Je ka duba. In da sauranta, a gyara." Sannan ta ce, "Ni na hana Gwaggo mota. Ina gudun abin da zai zo ko da mota ko babu."

Ya tafi garejin. Ya tarar da ita a bayan shago, ko ƙusa ɗaya ba a kwance ba. Bitrus ya sosa kai, ya ce ya ɗauki guduma har sau biyu ya ajiye. Shekara tara da suka wuce, da matarshi Hannatu ta rasu, a motar nan Malam Gwadabe ya kai ta har Pankshin, kwana biyu a hanya, ya tsaya daga nesa har aka gama addu'a a coci aka binne, sannan ya dawo da shi da 'ya'yanshi.

"Ka yi haƙuri, ɗan Malam. Hannuna ya ƙi."

Saura Saudatu. Lado ya same ta a zaure ya ce ba zai taɓa motar ba sai da yardarta, don ita za ta zauna da ita. Ta daɗe tana murza bakin mayafi. Ta ce har yanzu ba ta jin za ta iya shiga, wataƙila har abada. Amma da ta ga ƙafar Gwaggo a titi, ta gode wa Allah da nata uban ya zo gida a rufe.

"Ka gyara, Malam Sannu. Sai dai ka gina mata rumfa a waje, kuma kada ka sake ka je da ita gidan mai rai."

Bitrus ya yi Kano sau uku kafin kayan su cika. Ranar da injin ya tashi, tsofaffin unguwa suka fito suna saurare, wasu na share ido.

Aka ɗaura aure bayan ƙaramar salla, a ƙofar gidan Baffa Mamman. Liman ya yi addu'a, Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, jama'a suka shafa. Da ƙafa mata suka kai amarya Ƙofar Durbi, suna guɗa har bakin zaure. Hajiya ta riƙe kan ɗiyarta ta sa mata albarka, ta aika wa angon da tashi albarkar.

Lado bai taɓa sayen Fijo ba, keke ya saya na zuwa ofis. Sammani ya auri wata 'yar Funtuwa, ya koma Kaduna. Bitrus ya ci gaba da duba motar har ƙarfinshi ya ƙare, ya koma gida. Hajiya Sabuwa ta ƙara shekara goma sha ɗaya, ta ga jikoki biyar. Da ta rasu a asibiti, Lado ne ya kawo ta gida, Saudatu na zaune a baya kusa da ita. Motar ta ƙara shekara biyu ta tsaya, ba ta sake tashi ba. Lado da Saudatu suka tsufa tare a Ƙofar Durbi.