Tawadar Indiya

A shekarar da ƙasarmu ta sami 'yancin kai, an yi wata yarinya a garin Bauchi, 'yar aji huɗu a makarantar elementare. Gidansu yana Fadaman Mada. Babanta kafinta ne, ya zo daga kudancin Bauchi neman aiki tun kafin a haife ta.

Yarinyar nan ita ce monitar tawada a ajinsu. A lokacin yara ba su san biro ba. Kowane tebur yana da ɗan rami, a cikin ramin kuma akwai kurtun tawada, inda ake tsoma alƙalami. Duk ranar Litinin sai ta riga kowa zuwa, ta dama garin tawada da ruwa, ta bi tebur-tebur tana zubawa. Ba ta taɓa ɓata wa kowa littafi ba. Da wannan take taƙama, kuma taƙamar ba kaɗan ba.

Abu ɗaya ne yake hana ta sukuni: lissafi. Ga shi a ƙarshen shekara za a yi jarrabawar shiga babbar firamare. Wanda ya ci zai wuce aji biyar. Wanda ya faɗi kuwa, karatunsa ya ƙare ke nan.

Wata Asabar mamarta ta aike ta kasuwa sayen gishiri. Kusa da Ƙofar Wunti sai ta ga mutane sun yi da'ira. A tsakiya ga wani mutum sanye da kwat duk zafin nan, da baƙin tabarau, da akwati mai hoton giwa.

"Tawadar Indiya!" yake cewa. "A jirgin ruwa ta zo! Ka tsoma alƙalami, ita za ta rubuta maka amsa! Wa ke nan da bai taɓa zuwa makaranta ba?"

Wani mutum ya fito daga cikin taro, da malfa a ka da fartanya a kafaɗa. Ya ce shi manomi ne, ko sunansa bai iya rubutawa ba. Mai tabarau ya miƙa masa alƙalami da takarda.

"Ɗari uku da sittin da biyar, sau goma sha biyu!"

Manomin ya dafe takardar da hannun hagu. Yarinyar tana gaba-gaba, har ta ga hannun yana da cindo, wato ɗan ƙaramin yatsa na shida. Hannun damansa ya shiga karkarwa. Sai ga lambobi sun fito rangaɗa-rangaɗa. Wani akawu da ke tsaye ya ƙirga a tafin hannunsa, ya ce, "Daidai ne!"

Wuri ya kaure da sowa. Yarinyar ta saki baki, gishiri ma ta manta da shi.

Ba ta da kuɗi, amma tana da kaza. Kakarta ce ta aiko mata da ita daga ƙauye. Ta ruga gida, ta faki idon mamarta, ta kama kazar ta rufe da ɗankwali, ta koma kasuwa. Mai tabarau ya ɗaga kazar ya ji nauyinta.

"'Yan mata, kin yi sa'a," ya ce. Ya miƙa mata kwalba ɗaya.

Ranar Litinin kafin a kaɗa ƙararrawa, duk 'yan ajin sun ji labari. Yagana, ƙawarta, ta riƙe kwalbar da hannu biyu tana kallo. Ɗanlarai, wanda ya fi kowa surutu, ya jefar da littafin lissafinsa cikin tebur.

"To, wahala ta ƙare!" ya ce. "Amma fa ki zuba wa kowa."

"Ni ce monita," in ji yarinyar. "Kowa zai samu."

Daga ranar karatu ya tsaya. Malam Andrawus, malamin ajinsu, yana rubutu a allo, su kuwa hankalinsu yana kan fareti da tutocin da za a raba ranar bikin 'yanci. Ya ba su aikin gida, ba wanda ya yi. Ya yi faɗa, suka sunkuyar da kai suna 'yar dariya.

Ana nan sai Hedimasta ya ce za a yi jarrabawar gwaji. Waɗanda suka ci ne kaɗai zai tura babbar jarrabawa.

Ranar gwajin da sassafe yarinyar ta zubar da tawadar makaranta a bayan aji. Ta ga kwalbarta ba za ta ishi kowa ba, sai ta ƙara ruwa, ta bi tebur-tebur.

Aka raba takardu. Ta tsoma alƙalami, ta ɗora a kan tambayar farko, ta jira. Hannunta bai motsa ba. Ta sake tsomawa, ta rufe ido. Shiru. Ta waiga, ta ga Ɗanlarai yana karkaɗa hannu da gangan, wai ko tawadar za ta farka. Daga baya kowa ya rubuta abin da ya zo masa a ka.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Da tawadar ta bushe, sai rubutun ya dusashe. Malam Andrawus ya ɗaga takarda ɗaya wajen taga, ya ɗaga ta biyu. Ko suna ba ya karantuwa.

"Wa ya dama tawadar yau?"

Yarinyar ta miƙe.

"Ni ce, Malam."

Ta faɗi komai, tun daga kaza har zuwa ƙarin ruwa. Hedimasta ya zo ransa a ɓace. Ya sauke ta daga monita nan take. Ya ce za a sake gwaji sau ɗaya tak bayan bikin 'yanci. In suka sake faɗuwa, ba zai tura ko mutum ɗaya daga ajin ba.

Ta yi zaton 'yan ajin sun gane an yaudare su. Ina! Da aka fita hutun ƙarfe tara, Ɗanlarai ya tare ta.

"Tawada ba ta da laifi. Ke kika kashe ta da ruwa!"

"Gaskiya ne," in ji wasu. "Ai mutane sun gani da idonsu a kasuwa."

"Ran Asabar kowa zai je ya sayi kwalbarsa," Ɗanlarai ya ce. "Ni ɗan akuyana zan kai."

Har Yagana ta ce za ta kai awarwaronta. Yarinyar ce ta kawo wannan magana ajin, ga shi yanzu ta fi ƙarfinta.

A gida ta ajiye kwalbar gaban iyayenta, tana kuka. Mamarta ta ɗiga sauran a tafin hannu, ta murza, ta sunsuna.

"Wannan ai bula ce, irin wadda nake sa wa farar rigar babanki ta zuwa coci! Kazar da kika ce mini ta ɓata, ashe a kan ruwan bula ta tafi?"

"Ki yi haƙuri, Mama. Na yi ƙarya."

"Kaza ta tafi, ba za a saya miki wata ba," in ji babanta. "Amma yaran mutane fa? Ya za ki yi da su?"

"Zan gyara, Baba."

"Da me?"

Ta share hawayenta, ta ce a ranta sai ta samo hanya.

Washegari da aka tashi, ta tsaya a bakin aji har kowa ya watse.

"Malam, na san ƙarya ce. Amma da idona na ga manomi ya rubuta amsa. Yaya aka yi?"

Malam Andrawus ya dube ta, sannan ya buɗe jakarsa ya fito da wani tsohon littafi mai kauri. Ya ce a gwanjo ya saye shi, a unguwar Turawa, wajen wani Bature da ke haɗa kayansa zai koma gida.

"Littafin nan daga farko har ƙarshe labarin mutanen da aka yaudara ne," ya ce. "Ba yara ba, manya, har da masu mulki da masu ilimi."

Ya buɗe wani shafi. Ga hoton wasu mutane a gaban tukunya, wai suna mai da dalma zinariya. Ya buɗe wani. Ga mutum-mutumi zaune a bayan babban akwati, yana buga wani wasa irin dara.

"Wannan ya yi ta cinye gwanaye a ƙasashen Turai. Mutane suka ce katako yana tunani. Ashe mutum ne a ɓoye cikin akwatin, shi ke motsa hannun."

Yarinyar ta ƙura wa hoton ido.

"Malam, su ma da idonsu suka gani?"

"Da idonsu. Sai dai abin da mai akwatin ya so su gani kaɗai suka gani. Ki tuna kasuwa. Wa ya kira manomin?"

"Mai tabarau."

"Wa ya ba da tambaya?"

"Shi ne."

"A cikin taron akwai wanda ya san manomin?"

Sai ta zabura.

"Malam, na gane! Ran Asabar zan je."

"Ba ke kaɗai ba. Ki tafi da babanki."

Ran Asabar babanta ya ajiye zarto ya raka ta. Suka tarar da taro ya fi na da. Ga Ɗanlarai riƙe da igiyar ɗan akuya. Ga Yagana da sauran 'yan ajin.

"Wa ke nan da bai taɓa zuwa makaranta ba?" in ji mai tabarau.

Wani mutum ya fito da damin itace a ka, ya ce shi mai sayar da itace ne daga daji. Ya sauke damin, ya dafe takarda da hannun hagu. Yarinyar ta kutsa gaba ta duba. Ga cindo nan!

Ta waiga, babanta ya gyaɗa mata kai.

"Wannan mutumin manomi ne kwanakin baya!" ta ce da ƙarfi. "Da malfa da fartanya ya zo. Ku dubi hannunsa!"

"Lallai kuwa!" in ji wani mahauci. "Na tuna yatsan nan."

Mai tabarau ya yi dariyar yaƙe. "Yarinya ce, ku ƙyale ta. Mutum ba ya noma kuma ya yi itace?"

"To, a gwada da wanda muka sani," in ji yarinyar.

Ta juya wajen Hamsatu, wata dattijuwar Bafulatana da ke sayar da nono a gindin bishiyar da ke wurin. Duk kasuwa an san ta.

"Goggo, don Allah ki taimake ni. Ki riƙe alƙalamin nan."

"Ni? 'Yata, ni ban san ko bihim ba."

"Shi ya sa, Goggo."

Hamsatu ta rufe ƙwaryarta da faifai, ta zo ta karɓi alƙalami, ta damƙe shi kamar ludayi. Ta tsoma.

"Biyu a tara da biyu," in ji yarinyar.

Hamsatu ta ɗora alƙalami ta jira. Kowa ya miƙa wuya. Can ta gaji, ta ja wani karkataccen layi, ta ɗaga takardar.

"Ga shi. Nawa ke nan?"

Dariya ta ɓarke. Mai tabarau ya ɗaga hannu.

"Tsaya! Tsaya! Ai tawadar nan ba ta yi wa mata aiki!"

"To, me ya sa ka karɓi kazata ka ba ni?" in ji yarinyar.

Kafin a ankara mai cindo ya sulale, ya bar itacensa. Mai tabarau ya tattara kwalabensa, mutane suna yi masa ihu, har 'yan doka biyu suka iso suka tasa shi gaba. Ɗanlarai ya dubi ɗan akuyansa, ya ƙara naɗe igiyar a hannu.

"Yanzu ya za mu yi?" ya tambaya a hankali. "Ba mu iya komai ba."

"Karatu za mu yi," ta ce. "Yau ɗin nan."

Haka kuwa aka yi. Kullum da yamma sai su taru a rumfar babanta. Ya ba su guntayen katako, suna rubutu a kai da gawayi. Wanda ya iya rabawa ya koya wa wanda bai iya ba. Ita ta fi kowa shan wuya. Takan yi lissafi ɗaya ta kuskure, ta goge, ta sake, ta kuskure, ta sake. Ranar bikin 'yanci ma, da aka gama fareti, da tutocinsu a hannu suka wuce rumfar.

Aka sake gwaji, da tawadar makaranta. Wannan karon ba ta jira komai ba, ta duƙufa. Da Hedimasta ya shigo da sakamako, murmushi yake yi. Ya tura su babbar jarrabawa, kuma da shekara ta kewayo, ita da Yagana da Ɗanlarai suna zaune a aji biyar.

Ranar da za su bar tsohon ajinsu, Malam Andrawus ya ce, "Me kika koya a bana? Faɗa wa 'yan'uwanki."

Ta miƙe ta ce, "Na koyi cewa in aka nuna mini abin mamaki, in tambaya, in gwada, kafin in yarda, kuma kafin in kai wa wasu. Na kuma koyi cewa ba abin da zai rubuta mini amsa sai abin da na karanta."

'Yan ajin suka tafa mata, Ɗanlarai ya fi kowa ƙarfin tafi.