Sallama Uku a Filin Golf

Wata ranar Talata Abdulbaqi ya shiga shagon ɗinkin Barakatu da ke bayan tashar mota ta Gare de Bassam a unguwar Treichville, riƙe da farar riga wadda kwalarta ta yage. Ta karɓa ta jujjuya, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Wannan ai mai sauƙi ce. In cire kwalar gaba ɗaya ka huta."

"A'a, ki rufa mini asiri! In babu kwala, ko ƙofar wurin aikina ba za a bar ni in wuce ba."

Sai a nan ta ɗago. Dogo ne, rana ta gasa shi, ga murmushi har kunne. Ya ce mata wasan golf yake koyarwa a wani kulob can gabashin gari, ya shiga lissafa mata dokokin wurin. Dole riga mai kwala, a cusa ta cikin wando. Ba a shiga da jins, ba a shiga da silifa. In mutum ya ɗaga sanda zai buga ƙwallo, kowa tsit yake yi, ko tari ba a so.

"Wato manyan mutane da gemunsu, ana gaya musu abin da za su sa kamar 'yan firamare?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Minti goma ya ishe ta gyara kwalar, amma sai da ya yi awa guda a shagon. Bayan kwana uku ya dawo da wata rigar, ita ma kwalarta a yage. Allah kaɗai ya san ko da kansu suke yagewa.

Kafin wata biyu saƙonni sun zama abincinsu.

"Mai Kwala, ka isa gida lafiya?"

"Na isa, ma chérie. Gbaka, bas ɗin hayar nan, ta maƙale a cunkoson Indénié awa guda, amma ban ji ba, tunaninki nake yi."

"Ka iya zaƙin baki. Da Hausarka ta kai Faransancinka da na shiga uku."

"Ki aure ni ki gyara mini ita, Farin Cikina."

Ta daɗe tana kallon wannan saƙon. Tana son sa, so na gaske, amma ta san mahaifinta. Alhaji Maiwada babban mai sayar da nama ne a Adjamé, shekara talatin da barinsa Kano, kuma har yau da gaisuwa yake auna mutum. In yaro ya gaishe shi a tsaye, ya gama da shi ke nan. Ga kuma Zaharaddin, ɗan amininsa mai shigo da kaya, wanda ya daɗe yana neman Barakatu. Duk abin da Alhaji ya faɗa, kafin ya rufe baki Zaharaddin ya ce, "Haka ne, Baba."

Da Barakatu ta kai maganar Abdulbaqi gida, Alhaji ya ce sai ya ga sana'ar yaron da idonsa. Caraf Zaharaddin ya ce shi zai kai shi a motarsa, ba tare da an sanar da kowa ba.

Tun daga ƙofa abu ya ɓaci. Mai gadi ya gaida Zaharaddin da sunansa, sannan ya dubi babbar rigar Alhaji da takalminsa na fata, ya ce cikin ladabi ba a taka ciyawa da irin wannan shigar, sai dai su tsaya a baranda. Alhaji ya haɗiye fushinsa ya tsaya. Can gabansa kaɗan ya hango Abdulbaqi da gajeren wando, gwiwa a waje, ga hular hana-salla a kai, yana tsaye kusa da wani dattijo da ya ɗaga sanda.

"Salamu alaikum!"

Shiru.

"Salamu alaikum!"

A ta uku Alhaji ya ɗaga murya sosai. Abdulbaqi ya waiwayo, ya gane shi sarai. Amma dattijon ya riga ya fara juya sanda, don haka ya ɗaga wa Alhaji tafin hannu alamar ya dakata. Ƙwallo na tashi ya cire hula ya ruga da gudu, sai dai ƙeyar mota kawai ya tarar.

"Ni zai ɗaga wa hannu?" Alhaji ya ce a gida. "Sallama uku! Da ɗan wandonsa kamar mai shirin wanka! Kada in sake jin sunansa a gidan nan."

Barakatu ta sha kuka har idonta ya kumbura. Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Na yi kuskure babba. Gobe zan ajiye aikin, in je in gaya wa Baba na bar golf har abada."

Ta share hawaye ta rubuta masa:

"Kada ka kuskura. Shekara tara kana ɗaukar wa mutane jaka kafin ka zama mai koyarwa, ba zan zama sanadin zubar da su ba. Ka zo shago gobe in auna ka."

Kwana biyu ta yi a kan keke, ta ɗinka masa kaftani ruwan toka har ƙasa, ta sayo hula zanna ta haɗa masa. Da ya sa, ta ja baya ta ƙare masa kallo.

"Yanzu ka zama mutum. Gajeren wandon nan kuma ka yi bankwana da shi, ai dokarku ba ta hana dogo ba."

"An gama, ranki ya daɗe."

"Kowace safiya ka je rumfar Baba ka gaishe shi. Ko ya kore ka, ka koma. Ni ina nan, babu inda za ni."

Haka kuwa aka yi. Kullum kafin ya wuce aiki sai ya ratsa ta Adjamé, ya cire takalmi a bakin rumfa, ya durƙusa ya yi sallama. Alhaji ya ci gaba da duba nama kamar ba da shi ake ba. Mahauta tun suna dariya a ɓoye har suka koma ce masa, "Yako, ɗan'uwa," don tausayi. Kwana goma sha ɗaya Alhaji bai amsa masa ba.

A rana ta goma sha biyu Barakatu ta ƙi zuwa shago, ta ce ita za ta kai wa Baba kunun safe da kanta. Ta tarar da Zaharaddin zaune a benci ya harɗe ƙafa, Abdulbaqi kuma a durƙushe. Ta ajiye kwano, ta ƙi tafiya.

"Baba, don Allah ka tambaye shi ko da abu ɗaya ne. In amsarsa ba ta yi maka ba, na haƙura."

Alhaji ya dube ta, ya ga babu alamar wasa a fuskarta. Ya goge hannu da tsumma, ya juya ga Abdulbaqi.

"To, ga tambayata. In na koma wurin naku gobe, na same ka kamar ranar, na yi maka sallama, za ka amsa?"

Barakatu ta runtse ido, a ranta tana cewa ka ce e kawai, Mai Kwala, ka ce e mu wuce wurin.

Abdulbaqi ya sunkuyar da kai.

"A'a, Baba. Ba zan amsa ba sai wanda nake koya wa ya buga. Mutumin amana ya ba ni, kuma dokar wurin na karɓa tun ranar da na shiga. In ya firgita sanda na iya kuɓuce masa ta ji wa wani. Amma yana bugawa zan zo in durƙusa a gabanka, ko a kan ciyawa ne, ko gaban maigidana na wurin aiki ne. Hannun da na ɗaga maka kuwa, wannan rashin tarbiyya ne, ka yafe mini."

Zaharaddin ya yi 'yar dariya. "Ka ji ko, Baba? Ni da ni ne, ai tun sallamar farko zan amsa."

"Na sani," in ji Alhaji. "Kai ai komai amsawa kake yi. Mai gadin can da sunanka ya gaishe ka, ka san dokar wurin sarai. Ka bar ni na sa babbar riga, ka kai ni aka tsayar da ni a baranda."

Zaharaddin ya sauke ƙafarsa da ya harɗe. Karon farko ke nan da aka ga ya rasa "haka ne."

Alhaji ya dubi yaron da ke durƙushe, ya ce, "Wa alaikumus salam. Tashi, kada ka makara a aiki. Ka ce manyanka su zo ranar Lahadi."

Barakatu ta rufe fuska da mayafi ta fice da sauri, kada mahauta su ga tana dariya da hawaye lokaci guda. Ba ta kai bakin titi ba wayarta ta yi ƙara.

"Farin Cikina, kamar mafarki nake yi."

"Ni ma. Ka kusa kashe ni da a'ar nan taka, amma wallahi yau na ƙara son ka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a masallacin unguwarsu a Adjamé, bayan sallar Juma'a. Mahauta suka cika sahu, abokan aikin ango suka zo cikin kaftani na aro, har da dattijon nan mai sanda. Da aka shafa fatiha, Alhaji Maiwada ya kama hannun Abdulbaqi ya riƙe gam.

"Ka ɗaga mini hannu a gaban mutane, ban manta ba," ya ce. "Amma ranar da ƙarya ɗaya za ta ba ka mata, ka ƙi yi mini ita. Shi ya sa na ba ka. Ka riƙe mini ita amana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari."

Masallaci ya amsa da amin. Abdulbaqi sai kawai ya durƙusa a gabansa.