Gajeriyar Ƙofar Gidan Madugu

Shekara biyu da samun 'yancin kai, 'yan boko suka tsiro da wata sabuwa, wai zuwa kallon tsofaffin gidaje. Mutanen Paki dariya abin yake ba su, a ce mutum ya tako keke tun daga Makarfi don ya saki baki yana kallon bango! Amma fa gidan Madugu ya isa a kalla. Tun kafin zuwan Turawa aka gina shi, zaure cikin zaure, ga bene, ga zane a fuskarsa.

Zulai ce ke zagayawa da baƙi, don kakarta Iya Azumi gwiwa ta ƙi. Ran nan sai ga wani dogon saurayi, Malam Uwaisu, mai koyarwa a firamaren Makarfi. Ido ɗaya suka haɗa Zulai ta manta ta inda ake fara bayani.

Suka hau bene suka sauko, suka ɓullo ta bayan gida. Can akwai wani ɗaki mai gajeriyar ƙofa, sai an durƙusa ake shiga. Zulai ba ta tsoron komai a duniya kamar ɗakin nan. Jemagu ne fal ciki, kuma tun tana ƙarama ake ce mata ana jin nishi.

"Nan ake ajiye bayi da," ta ce da sauri. "Mu wuce, Malam."

Bai wuce ba. Ya ce, "Akwai zoben ƙarfe a bango, ta hannun hagu."

Ta juyo ta dube shi. "Ya aka yi ka sani? Ai ba ka shiga ba."

"Kakana ya kwana a ciki yana yaro. Shi ya kwatanta mini gidan."

Tun daga ranar keken Uwaisu ya san hanyar Paki, kuma kowa ya gane ba bango yake zuwa kallo ba. Zulai kuwa so ya kama ta, tsoro ya kama ta, don ta san halin mahaifinta Malam Ahmadu: ba ya gama magana bai ambaci kakansa Madugu ba.

"Malamina, don Allah ka bar maganar kakanka a cikinka," ta ce. "In Baba ya ji, shi ke nan."

"Zulaina, ba zan so ki da ɓoye-ɓoye ba. Ranar da iyayena za su zo, da bakina zan faɗa."

Ai bai samu faɗa ba. Ashafa, ɗan baffanta da ya daɗe yana sonta ba ta kula shi, ya bi diddigi har Makarfi ya kwaso labari. Zulai tana daka ta jiyo muryar Baba daga zaure: "Jikan bawan gidan nan? Kada in ƙara ganin kekensa a ƙofata!" Taɓarya ta suɓuce daga hannunta.

Ta daina cin abinci, ko ƙararrawar keke ta ji sai ta leƙa waje. Ta hannun ƙawarta Jamila saƙonsa ya iso: "Ki ce wa Zulaina ban fasa ba. Ta ci abinci."

Iya Azumi na kallon komai. Wata safiya ta dogara sandarta, ta sa aka kira ɗanta, ta ce Zulai ta riƙe ta. Suka nufi bayan gida. Da suka isa gajeriyar ƙofar, Iya ta nuna ta da sanda.

"Durƙusa ka shiga, Ahmadu."

"Haba Iya, ni?"

"Kai. Daga nan aka fito da uwata aka kai ta ɗakin Madugu. Nonon da na sha na ba ka, nan ne asalinsa. Na yi shiru don na ga kana son tinƙaho. To, yau tinƙahon zai ci mini jika."

Malam Ahmadu ya dubi uwarsa, ya dubi ƙofar. Can sai ya cire hularsa, ya durƙusa ya shiga. Ya daɗe a ciki. Zulai ta kasa kunne don nishin nan da ake faɗa, sai ta ji shesshekar mahaifinta.

Bayan an gama girbi aka ɗaura aure a babban zaure. Shi kansa Malam Ahmadu ya tumɓuke zoben ƙarfen ya kai maƙera aka ƙera fartanya. Da za a tafi da amarya, Uwaisu ya zo ya tsuguna gaban Iya kusa da Zulai, ya raɗa mata, "Har yanzu tsoron ne, Zulaina?"

Ta girgiza kai cikin mayafi.

Iya Azumi ta dafa kawunansu ta ce, "Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku 'ya'yan da ba za su durƙusa wa ƙofar kowa ba."