Bututun da Ya Yi Sanyi

Ƙarfe tara na safe aka kira Sufeto. An tsinci gawar mai kula da inji a ɗakin ƙasa na masana'antar da ke zuƙe gurɓatacciyar iska daga sararin sama.

Manaja ya tarbe shi da dogon bayani. Fankoki ke jawo iska, matatai su kama iskar kabon, sai a gasa su da tururin da bututu ke kawowa daga kamfanin gilashi na maƙwabta, su saki iskar cikin tanki.

"Ganganci ne, yallaɓai. Iskar nan nauyi gare ta, ƙasa take kwanciya. Ya sauka ba na'urar gwajin iska."

Ran Sufeto ya ɓaci. Ya tsani mai ɗora wa gawa laifi, don ya san ba ta da bakin musu.

A bakin ƙofa ya tarar da matar marigayin, rungume da kwanon abincin mijinta.

"Ƙarya yake!" ta ce. "Shekara tara bai taɓa sauka ba na'ura ba. Kuma mako uku ke nan yana min mita, wai abincinsa da sanyi yake ci."

"Me ya haɗa abinci da wannan?"

"A kan bututun tururi duk ma'aikata suke ɗora kwanukansu su yi ɗumi."

Sufeto ya je ya dafa bututun. Sanyi ƙalau, har gizo-gizo ya yi saƙa. Amma tankuna cike fal.

Ya sa aka kira Dogo mai walda.

"Babu zafi, daga ina iskar tanki ta fito?"

"Ni walda kawai na sani, ranka ya daɗe."

"Madalla. To wa ya yi wannan?"

Ya nuna masa sabon ɗinkin walda a bakin salansar janareta. Daga nan tiyo ya gangara ɗakin ƙasa zuwa tanki, ya yi baƙi ƙirin, ya tsage a gwiwa.

Dogo ya dubi ɗinkin, ya ce:

"Manaja ne ya sa ni. Masu gilashi sun kashe tandarsu, ga masu duba aiki na zuwa jibi. Ya ce a cika tanki da hayaƙi, ba mai ganewa. Marigayi ya rantse sai ya tona."

A durowar Manaja aka sami na'urar gwajin, da sunan marigayin a jiki.

"Tsorata shi kawai na so yi," in ji Manaja. "Na ɓoye ta, na ce ya sauka ya ɗaure tiyon."

"Ka ce kana wanke iskar duniya, ka shaƙe mutum da hayaƙinka!" Sufeto ya daka masa tsawa. "Kofur, sa masa ankwa."

Da aka fito da shi, Sufeto ya tsaya gaban matar.

"Baiwar Allah, mijinki bai yi ganganci ba."

"Ni na sani," ta ce, ta nuna ma'aikatan da suka yi cirko-cirko. "Su za ka faɗa wa. Da ƙarfi."

Ya juya ya faɗa musu, har sau biyu.